Tambaya da Amsa: Me Ya Kai Kwaɗo Cikin Filen? Asalin Sunayen Sassan Kayan Kafinta

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya. 'Yan koyo da ma waɗanda suka daɗe a sana'a suna cin karo da wasu sunaye a littattafan makarantun koyon sana'a da jikin kwalayen kayan aiki, waɗanda in aka fassara su sai mutum ya riƙe baki: kwaɗo a cikin filen, wato abin aske katako, matashin kai a jikin cizal, idon gizago a kan hama. Sunayen Turanci da na Faransanci mun rubuta su yadda ake furta su. Kowanne kuma mun haɗa shi da aikin da sashen yake yi, domin yawancinsu ba a banza aka raɗa su ba, suna nuna wurin da za a duba ranar da kayan aiki ya ƙi.

Assalamu alaikum. Malam, a littafin da ake koya mana da shi, ƙarfen nan da wuƙar filen take kwanciya a kansa an kira shi furog. Na duba ƙamus na ga kwaɗo ke nan. Me ya haɗa kwaɗo da filen? Sannan filen ɗina yana tsalle a kan katako, yana barin layi-layi kamar matakala.
*Ɗan koyo, Kano*

Wa alaikumus salam. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba. Ɗaga murfin da ke danne wuƙar, ka zare wuƙar tare da ƙarfen da ke goye da ita, ka kwance sukuru biyun da za su bayyana, ka fito da ƙarfen ka ajiye shi a kan benci, ka dube shi ta gefe. Ga shi nan a durƙushe, gindi a ƙasa, ƙirji a ɗage, kamar kwaɗon da ke shirin faɗawa kududdufi. Wannan shi ne bayani na farko. Na biyu kuwa, ramin da ɓawon katako ke fitowa ta cikinsa Turawa suna ce masa baki ko maƙogwaro, kuma in muryar mutum ta dushe sukan ce kwaɗo ya maƙale masa a maƙogwaro, to sai ƙarfen da ke zaune a bayan maƙogwaron filen ya ci sunan. Mu na farkon ya fi kwanta mana, saboda wannan sunan dai suka ba tsokar nan mai kusurwa uku da ke ƙarƙashin kofaton doki, da kuma ƙarfen da ke mahaɗar layin dogo biyu, duk abubuwa ne masu siffar weji. Bahaushe ma bai kamata ya yi mamaki ba, tunda abin da yake rufe shagonsa da shi kullum da yamma kwaɗo yake ce masa, kuma kama ce ta jawo.

Filen ɗin katako na dā ba shi da kwaɗo. Wuƙarsa a kan gangaren da aka sassaƙa a jikinsa take kwanciya, a danne ta da weji. Wani Ba'amurke mai suna Leonard Bailey, mutumin Boston, shi ya fito da tsarin filen ɗin ƙarfe da muka sani, kamfanin Stanley kuma ya sayi harkar tasa a 1869. Ɗan hannun nan da ke karkata wuƙa dama ko hagu an ƙara shi a 1885. Kusan duk filen ɗin ƙarfe da ke kasuwanninmu, na Ingila ne ko na Indiya ko na Sin, wannan zubin ya bi.

Tsallen da filen ɗinka ke yi kuwa, mafi yawa daga kwaɗon ne. Aikinsa ya riƙe wuƙa a digiri 45 ba tare da ta motsa ko kaɗan ba. Fara duba mazauninsa. A sababbin filen masu araha sau da yawa fenti ko gudajin zubi yana tokare shi, sai ya riƙa rawa. Kankare fentin. Manna samfefa mai lamba 120 a kan gilashi, ka goga fuskar da wuƙa ke kwanciya a kai har ta yi haske ko'ina, ka bi da mai lamba 220. Wajen mayar da shi, ɗora rula a kan fuskarsa ka zura ta cikin bakin filen. Dole fuskar kwaɗon ta yi daidai da gangaren da ke bayan bakin, ko ta ɗan wuce shi gaba. In ka ja kwaɗon baya da yawa, wuƙar za ta hau kan gefen bakin ta bar kwaɗon, tsakiyarta ta zauna a iska, daga nan sai karkarwa. Ɗaure sukuru biyun bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, kada ka matse da ƙarfin tsiya domin ƙarfen zubi tsagewa yake yi, ba ya lanƙwasa. In murfin yana rufuwa ba tare da ka ji ya ɗan yi tauri a yatsa ba, ƙara wa sukurunsa rubu'in juyi.

Sai washi. Ana fere bakin wuƙa a digiri 25, a wasa ƙarshensa a 30. Mai wasawa da hannu yana ɗaga wuƙa ba tare da ya sani ba, a hankali bakin ya yi ƙozo ya doshi digiri 45. Da zarar ya kai nan, bayan bakin ne ke taɓa katako kafin kaifin, sai filen ya riƙa zamewa yana tsalle kome ƙarfin da ka sa. Ƙarfen da ke goye da wuƙa kuma, ja shi baya da milimita 1.5 in aikin ragewa kake yi. In gamawa ce a kan maɗaci, wanda jijiyarsa ke sarƙe da juna, matso da shi ya rage rabin milimita ko ƙasa da haka, ka tura kwaɗo gaba bakin ya tsuke. Ɗaga su sama ka duba: in haske yana ratsawa tsakanin wuƙa da ƙarfen, ɓawo zai cusa a nan ya shaƙe filen, sai ka goga leɓen ƙarfen a dutsen washi har ya haɗu ruf.

Mariƙin baya na filen an ce sunansa tot. Malaminmu ya ce don da shi ake ɗaukar filen ɗin ne. Nawa ya karye a tsakiya, na manna sau biyu yana sake rabuwa.
*Ɗaliba a makarantar koyon sana'a, Kaduna*

Malama, akwai kalma mai wannan lafazin a Turancin Amurka da ke nufin ɗauka, shi ya sa mutane da yawa suke faɗar abin da malaminku ya faɗa. Amma sunan mariƙin ya riga ya zauna a bakin kafintocin Ingila tun tuni, yana cikin littafin da Joseph Moxon ya fitar a Landan a wajajen 1678 kan sana'o'in hannu. Masu ƙamus suna mayar da shi ga wata tsohuwar kalma mai nufin abin da ya tuɗo ko ya leƙo waje. Kin san filen ɗin lokacin guntun katako ne mai kusurwa huɗu, mariƙin ne kaɗai ya tsiro a bayansa.

Karyewarsa a tsakiya tana da dalili. Jijiyar katakon a kwance take, dogon sukurun da ya ratsa shi daga sama zuwa ƙasa shi ke riƙe da shi. Da hunturu katakon yana ƙanƙancewa, sukurun ya kai ƙarshen raminsa bai matse komai ba, mariƙin ya fara kaɗawa, wata rana a tura filen da ƙarfi ya ɓalle. In kika manna ba ki gyara wannan ba, zai sake. Kankare tsohon gam ɗin tas, domin gam ba ya kama gam. Goge wurin da tina, saboda irin katakon da ake yin mariƙi da shi yana da maiƙo. Sa gam mai haɗi biyu, ki shafa wa sukurun kyandir don kada ya manne, ki ɗaura mariƙin a jikin filen da sukurunsa, shi ne zai matse shi daidai. Bar shi kwana ɗaya. Sannan ki rage tsawon sukurun da magagari kamar milimita 2, ko ki sa wasa ɗaya, wato ɗan zoben ƙarfe, a ƙarƙashin kansa.

Ranka ya daɗe, maigidana ya ce jak filen daga jaki aka samo shi, tunda shi ke aikin wahala. Haka ne?
*Mai karatu, Gusau*

Fassarar maigidanka ta dace da aikin, sai dai asalin ba nan yake ba. Jak sunan mutum ne a Ingila, wanda ya yi yawa har ya zama abin da ake kiran kowane yaron gida ko ɗan aike. Daga nan duk wani abin da ke ɗauke wa mutum aikin ƙarfi ya samu sunan, har da jak ɗin ɗaga mota. Moxon ya rubuta cewa abin da masu aikin rufi ke kira jak, masu haɗa kayan ɗaki suna ce masa filen na gaba, don shi ake fara sawa.

A lambobin Stanley, jak shi ne lamba 5, tsawonsa inci 14, faɗin wuƙarsa inci 2. Lamba 4 na gamawa ne, wajen inci 9. Lamba 7 inci 22 ne, na miƙe gefen katako kafin a haɗa. Tsawon ne ke aikin: gajeren filen yana bin tudu da kwari, dogo kuwa yana hawa kan tuddai ya aske su har su daidaita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne wasa wuƙar jak a miƙe. Ana so bakinta ya ɗan yi baka, tsakiya ta ɗara gefuna da milimita 1 zuwa 1.5, sai ta riƙa ɗebo ɓawo mai kauri ba tare da kusurwoyinta sun kafta ba. A fara bin katakon a karkace, sannan a bi tsawonsa.

Mu a nan da Faransanci aka koya mana: rabo, giyom, bube, bale, bedan. Su ma suna da asali irin wannan?
*Kafinta, Maraɗi*

Ɗan'uwa, naku ma sun fi daɗin bayani. Rabo ba shi da haɗi da rabon Hausa. Daga wata kalmar karkarar Faransa ce mai nufin zomo: ajiye filen ɗin katako ka dubi wuƙa da wejinta sun miƙe baya kamar kunnuwa. Larabawan Masar kuwa fara suke ce masa, wato ɓera. Mutum uku sun dubi abu ɗaya, wannan ya ga kwaɗo, wannan zomo, wancan ɓera. Giyom sunan mutum ne kamar Jak, shi ne siririn filen da wuƙarsa ta cika faɗin jikinsa, don ya shiga lungu ya fitar da mazaunin gilashi ko na ƙyaure. Bube ɗan maraƙi ne, saboda yana jan kwari a jikin katako kamar yadda sa ke jan garma, Ingilishi ma filen garma suke ce wa irinsa. Bale kuma bara ne, ƙarfen nan mai kama da sandar makiyayi da ake zurawa a ramin benci ya danne maka aiki. Ramin yakan zama milimita 19 ga ƙananansu. A doki kansa ya kama, a doki bayansa ya saki. In ya ƙi kamawa, ko jikinsa ya yi santsi ne, sai a zagaye shi da samfefa mai kaushi, ko benci ya yi kauri da yawa, sai a faɗaɗa ramin daga ƙasa.

Bedan, cizal mai kauri na huda ramin haɗi, asalinsa bakin agwagwa ne. Tsohuwar kalmar agwagwa ta ɓace daga Faransanci, lafazinta kuma ya yi daidai da na jaki, sai mutane suka koma cewa bakin jaki. Dubi bakin nasa ta gefe za ka ba agwagwa gaskiya. Faɗinsa ake zaɓa ya zama sulusin kaurin katakon da za a huda.

Wanda ya fi burge mu shi ne lumiyer, wato haske, sunan da suka ba bakin filen. Sunan da kansa darasi ne, domin ta nan ake saiti: kifa filen, ka hango tafinsa daga gaba wajen haske, wuƙar ta bayyana kamar baƙin gashi guda, kaurinta ɗaya daga gefe zuwa gefe. A filen ɗin katako, ɗan doka kan wuƙa ta ƙara ci, doki ƙeyar filen ta ja baya. Weji kuwa da sannu ake buga shi, in aka dame shi kumatun filen ne ke tsagewa.

Ina ganin kaf, set da filim a bayanin zarto. Akwai kuma wani ɗan ƙullutu a bayan tsohon zarton mahaifina kusa da ƙarshensa, mene ne amfaninsa? Zarton yana maƙalewa in ya yi nisa cikin katako.
*Mai karatu, Jos*

Kaf ba a jikin zarto yake ba, shi ne tsagar da zarto ya bari a katako. Tsohuwar kalmar Ingilishi ce, tushenta ɗaya da kalmarsu ta sassaƙa. Set shi ne karkata haƙora, ɗaya dama ɗaya hagu, don tsagar ta fi jikin zarton faɗi. Abin da ake nema ta kai kaurin zarton sau ɗaya da sulusi, zuwa ɗaya da rabi in katakon ɗanye ne. Zarton mahaifinka yana maƙalewa saboda an daɗe ana wasa shi ba a karkata haƙoran ba, kowane washi kuma yana cinye ƙarshen haƙori, inda karkatar take. Rabin haƙori na sama kawai ake lanƙwasawa, in aka kama daga gindi zai karye. Kuma kowane haƙori a mayar da shi ɓangaren da yake tun farko.

Filim ɗin nan ba na kallo ba ne. Sunan wata 'yar wuƙa ce da likitocin dabbobi a Turai suke tsaga jijiyar doki da ita su zubar da jini, kusan aikin 'yar askar da wanzami ke tsaga da ita kafin ya kafa ƙaho. Kalmar ta taso daga Girkanci, ma'anarta mai yanka jijiya, ta bi ta Latin da Faransanci tana gajarcewa. Haƙorin zarton da ke yanka katako a gicciye ana wasa shi ya yi tsini da kaifi a gefe kamar wannan wuƙar, don ya datse jijiyar katako, shi ya sa karkatar da ake yi wa magagari ta ci sunan. Ga zarton gicciye, karkata magagari kamar digiri 20, gaban haƙorin ya kwanta baya da digiri 12 zuwa 15. Zarton tsaga, mai bin tsawon katako, ba ya son filim ko kaɗan: magagari a miƙe, gaban haƙori kusan a tsaye, kowane haƙori ya zama ɗan ƙaramin cizal.

Matse zarton tsakanin katako biyu, haƙora su leƙo da milimita 5 ko 6, in sun fi haka zai yi ƙara ya dakusar da magagari. Bi kan haƙoran da shimfiɗaɗɗen magagari sau ɗaya ko biyu har kowanne ya sami ɗan ɗigo mai ƙyalli. Karkata su. Sannan ka ɗauki magagari mai kusurwa uku ka riƙa tsallake haƙori ɗaya, ka juya zarton ka bi sauran, kowanne bugu biyu ko uku daidai wa daida, har ɗigon ya ɓace. In bayan haka yana janyewa gefe guda, karkatar wannan gefen ta yi yawa, kwantar da shi ka bi gefen da dutsen washi sau ɗaya a hankali. Sababbin zarto masu baƙaƙen haƙora an ƙona su sun yi tauri, magagari ba ya cin su, in an lanƙwasa su ɓallewa suke yi.

Ƙullutun nan sunansa nib, daga kalma mai nufin bakin tsuntsu. An ƙaga masa amfani iri-iri, wasu su ce na fara tsaga ne, wasu su ce na ɗaure kube. Kamfanin Disston na Filadelfiya, wanda Henry Disston ya kafa a 1840 kuma ya ƙera irin waɗannan zarto masu ɗimbin yawa, ya bayyana a littafinsa cewa ado ne kawai. Kada ka fara yanka da shi, karyewa zai yi.

Ƙotar cizal ɗina ta tsage, ina so in yi wata. A zane na ga tan, bolsta da ferul.
*Mai karatu, Kumasi*

Tan shi ne tsinin da ke shiga cikin ƙota, kalmar mutanen arewacin Turai ce ta dā mai nufin tsini. Bolsta matashin kai ne, kafaɗar nan da ƙota ke jingina a kanta. Ba don ita ba, kowane duka zai ƙara tura tsinin ciki kamar weji har ƙotar ta rabe. Ferul shi ne zoben tagulla da ke wuyan ƙota. Asalinsa a Latin 'yar munduwa ce, daga baya mutane suka zaci daga kalmar ƙarfe aka samo shi, har rubutunsa ya canza.

Nemi busasshen marke ko ƙirya mai miƙaƙƙiyar jijiya. Zoben ka yanko shi daga bututun jan ƙarfe na famfo, tsawon milimita 15, ka fara saka shi kafin komai. Huda ramin hawa-hawa da bit uku, wato tsinin huda katako, siriri har ƙasa, matsakaici zuwa sulusi biyu, mai kauri a bakin, don ya bi siffar tsinin. In ka tura da hannu, ya tsaya saura milimita 6 zuwa 8 ya kai kafaɗa, ragowar da guduma ta katako za a ƙarasa. In ya tsaya da nisa fiye da haka, juya tsinin a ciki ya kankare ramin, kada ka tilasta. Sa 'yar fata tsakanin kafaɗa da ƙota ta sha duka. Maƙeranmu suna gasa tsinin fartanya ko gatari su ƙona masa hanya a ƙota, kuma yana yi a can saboda kan ƙotar ƙato ne. A cizal ba mu so, gawayin da ya rage a ramin yana marmashewa, ƙotar ta yi sako-sako, zafin kuma yana iya gangarawa ya kashe taurin bakin.

Me ya sa ake ce wa abin huda katako oga?
*Ɗan koyo, Zariya*

Ba ogan wurin aiki ba ne. A tsohon Ingilishi nafogar ne, haɗin nafu, cibiyar ƙafar keken doki, da gar, mashi. Mashin huda cibiya ke nan, domin babban aikinsa huda ramin da sandar da ƙafar keken ke juyawa a kanta take shiga. Ya gajarce ya koma noga. Ingilishi kuma suna sa a ko an kafin suna, to a noga da an oga duk ɗaya ne a kunne, sai harafin farko ya gudu ya bar sunan. Bit kuwa daga cizo ne.

Sassansa uku ne ke aiki. Ɗan sukurun da ke kan gaba, wanda wasu ke kira tsutsa ko dodon koɗi, shi ke jan bit ciki. Ƙayoyi biyu na gefe suna zana da'ira su datse jijiya, sai leɓɓa biyu su kwashe. In ya daina shiga, yawanci tiredin sukurun ne ya cushe da dusa, tsokale shi da tsinke, kada ka kai masa magagari. Ƙayoyin ta ciki kawai ake wasa su. Wanda ya wasa ta waje ya rage faɗin da'irar, jikin bit ya fi ramin girma, ya kashe shi ke nan har abada. Leɓɓan kuma ta sama, ɓangaren da ke kallon mariƙi. Lambar da ke wuyansa kashi goma sha shida na inci take ƙirgawa: 8 rabin inci, 12 inci uku bisa huɗu, 16 inci guda. Da ka ga tsinin sukuru ya leƙo ta baya, tsaya, juya katakon ka ƙarasa ta can, in ba haka ba zai ɓantare.

A kwalin hama na ga an rubuta abin da aka fassara mini da idon gizago. Kuma kan hamar yana cirewa.
*Mai karatu, Katsina*

Hama duk sunayen jikin mutum gare ta: fuska, kumatu, wuya, ido. Idon shi ne ramin ƙota. Hamar dā idonta gajere ne, kan yana yawan fita. Wani maƙeri mai suna David Maydole a jihar Niyok ta Amurka, a wajajen 1840, ya ja wa idon wuya ya yi tsawo kamar na gizagon Turawa, ƙota ta sami wurin kamawa. Sunan ya bi ta har yau.

Kada ka jiƙa ta a ruwa. Za ta kumbura ta kama na kwana biyu, amma ƙarfen ya murƙushe jijiyar katakon, in ta bushe ta fi dā sako-sako. Cire ƙotar, ka tsaga kanta da zarto zuwa sulusi biyu na zurfin idon. Lura idon ya fi faɗi ta sama, nan weji zai buɗa. Mayar da kan, ka doki gindin ƙotar a ƙasa har ya zauna, ka buga wejin katako mai gam, ka yanke rarar, ka bi da ƙaramin wejin ƙarfe a karkace. Ƙotar da aka saka da damina za ta saki da hunturu, don haka lokacin sanyi ne lokacin wannan aikin.

A wani zanen kabad daga Amurka an ce a yi amfani da ƙusa 6d da 8d. Mene ne wannan d ɗin?
*Kafinta, Bauchi*

Dattawan da suka riski kuɗin kafin naira ta zo a 1973 sun san shi, haka ake rubuta kwabo: 3d taro, 6d sisi. Harafin daga dinariyus ne, kuɗin Rumawa, wanda ya bi ta Larabci ya zo mana a dinari. A Ingila ta ƙarni na 15 ana kiran ƙusa da kuɗin da ake sayar da ɗari nata, ƙusar sisi ta fi ta taro girma. Farashin ya wuce, sunan ya koma awo, Amurkawa suka riƙe shi. Ƙusa 2d inci 1 ce, kowane kwabo yana ƙara rubu'in inci har zuwa 10d, wato inci 3. Saboda haka 6d inci 2 ce, 8d inci 2 da rabi, sai 16d inci 3 da rabi, 20d inci 4. A kasuwa ka nemi inci biyu da inci biyu da rabi. Tsawon ƙusa ya kai kaurin katakon da za a kafe sau biyu da rabi zuwa uku. Kusa da ƙarshen katako, kifa ƙusar ka ɗan doki tsininta ya dakushe, sai ta murƙushe jijiya ta wuce maimakon ta raba ta. A maɗaci da ƙirya kuwa fara huda rami da bit da bai kai kaurin ƙusar ba.